Dattin da Ba Ya Wankuwa

Manaja, kai ka ƙona ɗakin wankin otal ɗin nan, ba ni ba. Kai ka ƙona hannun Doguwa. Kuma kai ne ka tsaya a gaban mutum goma sha ɗaya, ka nuna ni da biron da ke hannunka, ka ce tsufa ya cinye mini kai. Na ce wa 'yata ta fara rubutun nan da wannan, kada ta sa gaisuwa a sama, don ba ni da gaisuwar da zan yi maka. Ban yi makaranta ba, amma bakina lafiyarsa ƙalau. Yanzu kuma na tabbata kaina ma lafiyarsa ƙalau.

Saboda waɗanda ba su san zancen ba, bari in ɗauko shi daga tushe.

Shekara goma sha tara ina guga a ɗakin wankin otal, can ƙasa bayan kicin. Dogon ɗaki ne mai taga ɗaya. Teburina yana jikin bango, na Doguwa yana kallon nawa. Ni in goge, ita ta ninke. Doguwa ake ce mata don in ta ɗaga zanen gado ba ya taɓa ƙasa. Ni kuma kowa Inna Guga yake ce mini, har masu furfura irin tawa. A jikin bangon, daidai saman kaina, akwai doguwar farar robar nan da ake rufe wayoyin wuta da ita. Ta taso daga bakin ƙofa, ta bi ta saman teburina, ta huda bango ta shiga ɗakin injin busar da kaya.

Da ka zo, inji ɗaya ka tarar a ɗakin can. Ka ƙaro biyu, ka ce baƙi sun yi yawa, zannuwa ba sa bushewa da wuri. Ba ka sa an ja sabuwar waya ba, a tsohuwar aka jona su. Ba a yi wata huɗu ba robar da ke saman kaina ta fara yin rawaya.

Ka tuna ranar da ka sauko zagaye? Ka ɗaga kai, ka yatsina fuska.

"Inna, wannan dattin fa?"

Na ce, "Yallaɓai, ba datti ba ne."

"To mene ne? Kwalliya ce?"

Yaran kicin da ke bayanka suka yi dariya. Na ce maka datti yana jin tsoron sabulu, wannan kuwa ko gezau. Na ce maka in injinan nan uku suna aiki akwai wani wari mai yaji da ke fitowa, yana kama maƙogwaro, kamar bilic amma ba bilic ba. Ka ce hancina ne ya tsufa. Ka ce a ɗakin wanki ba a barin datti a bango, in sa bilic da soso in goge shi duk ƙarshen mako.

Na goge. Ya ɗan yi haske, kwana biyu ya dawo, har ya fi da duhu. Wata rana ina kan kujera ina dirza, sai wani ɓallin murfin, kamar tafin hannuna, ya karye ƙas kamar biskit. Doguwa ta riƙe ciki don dariya.

"Shi ke nan, Inna, kin karya otal. Sai ki shirya kayanki."

"Rufe mini baki, sandar shanya."

Na ja ragowar murfin ya rufe gurbin, na jefa ɓallin a aljihun rigar aikina don kada ka gani.

Kwana takwas bayan haka, da rana tsaka, muka fita cin abinci. Doguwa ta koma ɗauko tabaranta. Sai ihu muka ji. Ta tarar da wuta, maimakon ta gudu, wawuya, sai ta tsaya jawo keken kayan baƙi. Zane mai ci ya faɗo mata a hannu, daga gwiwar hannu har yatsu.

'Yan kwana-kwana suka kashe wutar. Aka tarar da dutsen gugata a kan tebur ya narke, filoginsa yana cikin soket. Shi ke nan ka samu abin riƙewa. Ka tara mu a bakin kicin ka ce na bar dutse a kunne. Na ce ni ba na zare filogi, makunni nake kashewa, haka nake yi tun kafin ka fara aske gemu. Ka ce to ina makunnin? Ya narke. Sannan ka tambaye ni a gaban kowa, a hankali, kamar mai magana da mara lafiya:

"Inna, ki rantse kin tuna kin kashe shi yau."

Nan ka kashe ni. Abin da hannu ya yi sau dubu goma, kai ba ya ajiye shi. Wa zai tuna ya rufe bakinsa bayan hamma? Na nemi ranar a cikin kaina, na ga na ninke rigar ƙarshe, na ga na ɗauki kwanona, amma tsakanin biyun nan babu komai. Ni kuwa ba na rantsuwa a kan abin da ban gani ba. Ban rantse ba. Ka juya ga mutane ka buɗe hannu. Ranar ka kore ni.

Korar ba ita ta fi ci mini rai ba. Na je asibiti duba Doguwa, na yi sallama, ta juya wa bango fuska. Na zauna har ƙafata ta yi sanyi, ba ta juyo ba. Matar da muka yi shekara goma sha huɗu muna cin abinci a kwano ɗaya.

A gida kuma, ke mai rubutun nan, kada ki tsallake, ke ma da naki. 'Yata ta ɗauke ashana daga kicin. In na tashi zan ɗora ruwa sai ta ce, "Inna, zauna ki huta, ni zan yi." In na fita sai in ji tana bin bayana tana taɓa makunnai. In na manta inda na ajiye ɗankwali, sai su kalli juna ita da mijinta. Ban ga laifinsu sosai ba, don ni ma na fara bin bayan kaina. Sai in rufe ƙofa, in kai bakin titi, in dawo in taɓa ta, in sake dawowa. Wata biyar ina zaune da tunanin cewa ni na gasa hannun Doguwa, kuma kaina ya fara zubewa.

Zama ya ishe ni, na ce zan karɓi gugar maƙwabta. 'Yata ta yarda, da sharaɗin sai tana gida. A cikin masu kawo kaya akwai wata mata da ke hawa na biyu a gidanmu, siririya, kullum cikin sauri, fararen riguna take kawowa. Dakta ake ce mata. Ranar farko na kwaye mata gwiwata in nuna mata inda ke ciwo. Ta yi dariya har da tafi.

"Inna, ni ba likitar mutane ba ce. Likitar roba ce."

Na ce a raina duniya ta zo ƙarshe, roba ma ta samu likita ni ban samu ba.

Mai guga ba ta ɗora dutse sai ta lalube aljihu. Ran nan na sa hannu a aljihun farar rigarta, na fito da wasu 'yan ɓallayen roba guda biyar, an ɗaure su da zare, kowanne da lamba. Na farko fari tas. Na biyu rawaya-rawaya. Na uku rawaya sosai. Na huɗu ja-ja kamar shayi. Na biyar ruwan ƙasa mai duhu.  Haka bangon ya bi, ɗaya bayan ɗaya, a saman kaina.

Na hau bene da gwiwar nan tawa ban ma ji ta ba. Na zube su a teburinta.

"'Yar nan, wa ya ba ki dattin otal ɗinmu?"

"Wane datti, Inna? Wannan ba datti ba ne. Ni na gasa su."

Na ce ta maimaita. Ta ce aikinta ke nan a jami'a: ta sa irin wannan robar a tanda, wata awa ɗaya, wata kwana goma, wata da zafi kaɗan, wata da zafi mai yawa, sannan ta duba abin da zafin ya yi mata a ciki. Na sauka da gudu. Duk abin da na tsinta a aljihu, in ba mai shi, gwangwanin maɓallai nake jefa shi. A nan ɓallin murfin yake tun ranar da na kawo rigar aikina gida wanki. Na kai mata. Ta juya shi gaba da baya, ta kai hanci, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce in ba ta labari. Na ba ta. Ta ce gobe in shirya, tare za mu tafi.

Ban taɓa shiga irin wannan ɗakin ba. Sanyi kamar cikin firji, kwalabe jere har sama, ga wani wari kamar na man goge farce. Ta ba ni farar riga in sa. Na duba wuyan rigar na ce, "Wannan ni na goge ta." Ta ce shi ya sa ta zaɓo ta.

Ta ɗauki reza ta kankare ɓallin a hankali, ta gefen da ke kallon ɗaki, inda nake dirza, ta zuba garin a kwalba ɗaya. Ta juya shi ta kankare ta gefen da ke kallon waya, ta zuba a wata kwalbar. Ta narkar da kowanne a wani ruwa, ta tace, ta ɗura a 'yan kwalabe masu kusurwa huɗu, ba su fi yatsana ba. Tana yi tana yi mini bayani, ni kuma ina katse ta.

"Inna, robar nan, in da za ki iya shiga cikinta, sarƙa ce doguwa, gaɓa bayan gaɓa. A jikin gaɓoɓin akwai wani sinadari a rataye. In zafi ya dame ta, sai sinadarin ya fara saki yana fita, ya zama iska mai yaji."

"Mai kama maƙogwaro?"

"Ita."

"To hancina bai tsufa ba ke nan."

"Hancinki ya riga na'urata aiki. To duk inda ya fita, gaɓoɓin da ya bari sai su riƙe juna da hannu biyu maimakon ɗaya. Kuma in ɗaya ya fita, na kusa da shi ma sai ya bi."

"Kamar ɗinki in ya fara warwarewa."

"Haka. Sai a samu jere: riƙon hannu biyu, riƙon hannu ɗaya, riƙon hannu biyu, riƙon hannu ɗaya. In jeren gajere ne, ido ba ya ganin komai. In ya yi tsawo, sai ya fara shanye wani ɓangare na hasken da ya faɗo masa, ki ga roba ta yi rawaya. Ya ƙara tsawo, ya ƙara yawa, ta yi ja-ja, ta yi ruwan ƙasa. Launin daga cikin jikinta yake. Ko kin ƙarar da sabulun duniya ba zai fita ba."

Ta buɗe wata na'ura mai kama da akwatin ƙarfe, ta sa kwalbar farko, ta rufe. Ta ce a ciki akwai fitila da ke harba haske kala-kala ta cikin ruwan, ɗaya bayan ɗaya, wani ido kuma a ɗaya gefen yana duba wanne ya wuce, wanne aka shanye. A fuskar kwamfuta wani layi ya fara tafiya. Ya ɗan yi tudu biyu ƙanana, ya kwanta.

"Wannan gefenki ne, na waje."

Ta sa ta biyu. Layin ya tashi, ya yi tudu, ya sake yin tudu, ya sake, kamar matakalar bene, har ya kusa kai ƙarshen fuskar. Ta riƙa taɓa su da biro. Ta ce kowane tudu jere ne mai tsawonsa: wannan mai huɗu, wannan mai biyar, wannan mai bakwai, waɗannan na can nesa sun haura goma. Ta ɗora layin wata robar da ita ta gasa kwanaki da zafi kaɗan, suka kusa hawa kan juna.

"Wannan gefen waya ne. Zafin daga ciki ya fito, Inna. Kuma ba harshen wuta ba ne, don da ya narke, ya kumbura, ya yi baƙin hayaƙi. Wannan a hankali aka dafa shi, kullum kaɗan, tsawon lokaci."

Na ce, "Tsaya. Wannan ai na sani. In yarinya ta ƙona riga ta ce ba ita ba ce, juya rigar nake yi. Gefen da dutse ya zauna ya fi duhu."

Ta ajiye biron ta dube ni. "To aikina ke nan gaba ɗaya. Ni dai sai da na yi shekara tara a makaranta."

Sai ta ƙara da abin da ya sa na zauna a kujera ba shiri. Ta ce bilic yana iya tsinka jeren nan a fatar waje, launin ya ɗan kwanta. Wato robar tana ihu tana cewa waya na cin ta, kai kuma, Manaja, ka ba ni soso ka ce in toshe mata baki duk ƙarshen mako.

Na tambaye ta, "To na'urarki ta ce na kashe makunnin?"

Ta girgiza kai. "A'a, Inna. Wannan ba ta sani ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da ta sani shi ne wayar nan ta daɗe tana gasa murfinta tun kafin ranar. Wa ya ga lokacin da ɓallin ya karye?"

Mutum ɗaya ce ta gani.

Daga can gidan Doguwa na wuce, ban ko cire takalmi a gida ba. Na same ta a tsakar gida tana ƙoƙarin ninke tawul da hannu ɗaya da haƙori. Ta gan ni za ta shige ɗaki. Na tare ƙofa.

"Yau ko ki zage ni ko ki saurare ni, amma bango ba zai karɓi gaisuwata ba."

Na ajiye mata ɓallin a cinya, na faɗa mata duk abin da na gani. Ta daɗe tana kallonsa. Sai hawaye.

"Inna, ba fushi nake da ke ba. Kunyarki nake ji."

Ta ce da ta shiga ɗakin ranar, wutar a bango take, tana bin robar nan kamar maciji, tana ɗigowa kan zannuwa. Teburina bai kama ba tukuna. Ta faɗa maka haka a asibiti, Manaja. Ka ce zafin ciwo ne ya ruɗa ta, ka ce an riga an rubuta rahoto, ka ce gurbinta yana nan yana jiranta in ba ta tayar da zance ba. Mace mai hannu ɗaya da 'ya'ya huɗu. Shi ya sa ta ɓoye abin da ta gani, tun daga ranar kuma ta kasa kallon idona.

Na ce, "Wannan duk na ji. Makunnin fa? Ni shi ne ya hana ni sakat."

Ta share hanci ta dube ni kamar na tambaye ta sunana.

"Au, wai da gaske ba ki tuna ba? Kin kashe mana. Na ji ƙas, kuma kin faɗi abin naki."

"Wane abin nawa?"

"Kwanta, mugu."

Ashe duk lokacin da na kashe dutsen sai na ce masa haka. Shekara goma sha huɗu tana ji, ni ban san ina faɗa ba. Ta ce ranar har ta amsa mini da cewa, "Mugu dai mai shi," na ce zan fasa mata tabarau.

Sai na tuna. Ba makunnin ba, tabaran. Na tuna na faɗa.

Ban san irin kukan da na yi ba. Wani abu da ya zauna mini a ƙirji wata biyar ya tashi, har na ji iska tana shiga inda ta daɗe ba ta shiga ba. Muna kuka muna dariya, ta ce, "Dube ki, tsohuwar banza, kin jiƙa mini tawul." Na karɓe shi na ninke mata, ta ce ninkin bai yi ba, har yanzu ban iya ba. Ranar na koma gida na rufe ƙofa sau ɗaya. Na ce wa 'yata, "Ba ni ashanata." Ta kawo da hannu biyu, ba ta iya ɗaga kai ba. Na dafa shayi na ba kowa, har mijin nata mai kallon gefe.

Dakta ta rubuta takarda, Doguwa ta sa hannun da ya rage mata a kan tata, aka kai wa jami'in da ke duba gobara. Ya je otal da kansa. A ɗakin da ya ƙone ka sa sabon fenti da sabon murfi fari tas, amma da ya ɓalle shi, waya mai kauri irin na tsohuwar ya gani a ciki. Ya shiga ɗakin injuna ya ɓalle murfin can, wanda wuta ba ta taɓa ba. Cikinsa ruwan ƙasa, yana karyewa kamar biskit. Dakta ta sa shi a na'ura, matakalar nan ta sake fitowa. Aka kashe injuna biyu nan take. An ce mini akwai sabuwar mai guga a teburina, kuma ita ma ka riga ka ba ta soso don goge sabon murfin.

Na ji an ce kana cewa kuskuren mai gyaran wuta ne. Wannan tsakaninku. Na ji kuma an ce in na so in dawo aiki a yi shiru. Ba na so. Ina da gugata a gida, ina da ashanata, jiya ma Doguwa ta zo mun ci abinci a kwano ɗaya, ni nake yanka mata nama.

Abin da nake so shi ne wannan. Ka sauko bakin kicin, inda ka tsayar da ni. Ka tara mutum goma sha ɗayan nan, har yaran da suka yi dariya. Ka riƙe biron nan naka. Ka ce ba datti ba ne, ƙuna ce, kuma Inna Guga ta faɗa maka. Ka ce ta kashe dutsenta. Sannan ka juya ga Doguwa, za ta naɗe hannun riga don ka gani da kyau, ka gaya mata wa zai ɗauki alhakin wannan.

Ɓallin yana nan a gwangwanin maɓallaina. Ka faɗi rana, zan zo da shi.